Busasshiyar Ƙanƙara: Awa Nawa Take Riƙe Sanyin Abinci?

Busasshiyar ƙanƙara ba ruwa ba ce da ya daskare. Iskar kabon dayoksaid ce, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, kuma ita ce ke sa lemon kwalba kumfa. A masana'anta ake matse wannan iska har ta zama ruwa-ruwa, sai a sake ta da ƙarfi ta koma farin gari mai tsananin sanyi, a danne garin a yi bulo ko 'yan ƙananan ƙwayoyi. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Thilorier, shi ya fara bayyana ta a 1835, sannan aka soma cinikinta a Amurka wajen 1925.

Ƙanƙarar ruwa tana narkewa ne a digiri sifili na ma'aunin Salshiyos, ita kuwa busasshiyar sanyinta ya kai digiri 78.5 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta jiƙa kaya. Kai tsaye take komawa iska, kamar yadda kafur ke ƙanƙancewa a akwatin tufafi har a neme shi a rasa. Kafin kilo ɗaya ya ƙare, yakan zuƙe zafin da ya kusa ninka wanda kilo ɗaya na ƙanƙarar ruwa ke zuƙewa wajen narkewa. Shi ya sa masu safarar daskararren kifi, nama, askirim da samfuran jini na gwaji suke dogara da ita.

Sai dai ba ta da tsawon rai. A cikin kula ta yau da kullum, kilo biyu zuwa huɗu da rabi ke tafiya a kowace awa 24. Ke nan bulo mai kilo biyar yakan yi kwana ɗaya, in kular tana da kauri ya kai kwana biyu. In aka bar shi a fili, 'yan awoyi ne kawai. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa kilo 23 na iya riƙe cikakkiyar firiza mai cin lita 500 har kwana biyu bayan ɗaukewar wuta. Ko akwatunan musamman da kamfanin Pfizer ya yi jigilar rigakafin korona da su daga ƙarshen 2020, sai an ƙara musu sabuwar ƙanƙara duk bayan kwana biyar.

Abubuwa huɗu ke tsawaita wannan lokaci ko su gajarta shi: kaurin bangon kula, girman ƙanƙarar, yawan buɗe murfi, da zafin gari. Dunƙulallen bulo ya fi ƙwayoyi jimawa, domin gefensa da iska ke taɓawa bai kai nasu yawa ba. Kular da aka cika maƙil ta fi wadda rabinta wofi ne, don haka ake cusa tsohuwar jarida ko tsumma a gurbin da ya rage. Ana naɗe bulon da takarda a ɗora shi bisa daskararren kaya, tunda sanyi ƙasa yake gangarawa.

A yankin Gurbin Bore da ke ƙaramar hukumar Zurmi, da maƙwabtansa Ƙaura Namoda da Shinkafi, lissafin yana ƙara tsauri. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ga shi ana sarrafa wannan ƙanƙara ne a masana'antun manyan birane irin su Legas. Tun daga lokacin da ta bar masana'anta take raguwa, ba daga lokacin da aka zuba nama ba. Wadda ta wuni a mota kafin ta biyo ta Gusau da Ƙaura zuwa Zurmi, ta riga ta zubar da kaso mai yawa a hanya. Firizar gida ma ba ta hana ta ƙarewa, domin sanyinta bai wuce wajen digiri 18 ƙasa da sifili ba. Saboda haka ba haja ba ce da za a sara a ajiye. Amfaninta na tafiya ɗaya ne mai sanannen lokaci.

Mai sayar da zoɓo, kunun aya ko fura da nono a tasha, ƙanƙarar bulo ta ruwa ta fi masa dacewa. Abin da yake nema shi ne sanyi, ba daskarewa ba. Busasshiyar ƙanƙara takan mayar da nono dutse, ta lalata tumatir da ganye, ta fasa kwalba. Haka alluran rigakafin yara da yawa: tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, wasu kuma daskarewa na kashe ƙarfinsu, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke yawo da ƙananan akwatuna masu fakitin ƙanƙarar ruwa. Kayan lambu kuwa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana riƙe su kwanaki, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Haɗurranta uku ne. Na farko ƙuna: taɓa ta da hannu tsirara na 'yan daƙiƙoƙi na iya sa fata ta yi bororo, don haka sai da safar hannu mai kauri, kuma ba a jefa ta a abin sha ko a bar yara kusa da ita. Na biyu fashewa: kilo ɗaya na komawa iska fiye da lita 500, in aka toshe ta a gora ko jarka sai ta tarwatse, dole a bar wa kula 'yar kafar shan iska. Na uku shaƙewa: iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi, ba launi ba ƙamshi, tana taruwa a ƙasa-ƙasa inda masu barci kan tabarma suke. Irin wannan iska ce ta tashi daga tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ta hallaka mutane fiye da 1,700. Ba a kwana da ita a rufaffen ɗaki, a mota kuma sai gilasai a sauke. Ciwon kai, jiri da saurin numfashi alamu ne na a fita waje nan take.

In ƙanƙarar ta ƙare, abincin da ke daskare har yanzu, ko sanyinsa bai haura digiri 5 ba, ana iya dafa shi. Nama, kifi ko nonon da ya ɗumame ya haura awa biyu a haka, ƙwayoyin cuta sun samu damar hayayyafa a cikinsa, ko da bai yi wari ba, kuma zubar da shi ya fi zama lafiya.