Darasin Shaɗaranji Ga 'Yan Darar Malali

Akwai wata majalisar 'yan dara a gindin wata darbejiya kusa da gidana a Malali, inda nakan tsaya bayan La'asar idan na dawo daga jami'a. A makon jiya na ga wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya yi wa abokin karawarsa wani tarko da ya sa majalisar ta kaure da sowa. Da na roƙe shi ya maimaita mini yadda ya shirya shi tun daga zubi, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ta wuce." Ya share gurabun da tafin hannunsa aka sake sabuwa. A daren nan kuma na tarar da ɗana yana bitar wani wasa a littafin darar Turawa, wasan da aka buga a Landan a 1851, taku bayan taku, kamar jiya aka yi shi. Wannan bambanci ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da suna, tunda nazarin harshe ne sana'ata. Abin da muke kira darar Turawa ba Turawa suka ƙago shi ba. A Indiya ya samo asali wajen ƙarni na 6, da sunan caturanga, wato rassan runduna huɗu: giwaye da dawakai da kekunan yaƙi da dakaru. Farisawa suka karɓa suka ce catrang, Larabawa kuma suka mai da shi shaɗaranj. Ta hannun Musulmin Andalus da Sisili ya shiga Turai, shi ya sa har gobe Sifaniyawa ke kiran ɗaya daga cikin 'ya'yan wasan alfil, wato giwa da Larabci. Sai wajen 1475 aka sauya dokokinsa a Sifaniya, aka ba sarauniya ƙarfin da take da shi a yau. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ci karo da kalmar shaɗaranji. Malaman Malikiyya sun tsananta a kansa, na Shafi'iyya sun sassauta matuƙar babu caca ko sakaci da salla. Wannan fage ne na malamai, na bar musu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasan ya iso ƙasar nan ta hanyarsa daban. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya buga taƙaitaccen bayani a mujallar Man game da wani wasa da ake yi a Borno mai suna tsatsarandi. Mai kunnen harshe zai ji shaɗaranj a cikin sunan. Kanuri sun ma naɗa wa 'ya'yan wasan sarautun fadarsu: akwai mai, akwai ciroma, akwai kaigama. To, ina tsatsarandi yake yau? Na tambayi abokan aikina Kanuri, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin an buga shi. Ya bi waɗanda suka iya shi zuwa kabari, ya bar mana ɗan abin da baƙo ya rubuta.

Shi kuwa shaɗaranji rubutu ne ya raya shi. Tun a zamanin Abbasiyawa, al-Adli ya wallafa littafi a kansa wajen shekarar 840, as-Suli na Bagadaza, wanda ya rasu wajen 946, ya bi sahu. Sun rubuta hanyoyin buɗe wasa da matsalolin ƙarshensa, na baya suka ɗora. A yau dokar hukumar FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta wajabta wa ɗan wasa rubuta kowane taku a manyan gasanni. Idan an tashi, wanda ya ci da wanda aka ci sukan zauna su bi takardar su gano inda aka yi kuskure. Wanda aka kayar ba ya da bakin ɗora laifi a kan 'yan kallo ko rashin sa'a, domin ga shaida nan da rubutun hannunsa. Hatta kwamfutar Deep Blue da ta doke Garry Kasparov a 1997, sai da aka ɗura mata ɗimbin wasannin magabata.

Kada mai karatu ya ɗauka darar gida ba ta da zurfin da ya cancanci irin wannan hidima. Gurbi talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wani da duwatsu wani da karare. A lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba, sai an gama ake fara tafiya, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawa. Gwanaye sun san tun a zubi ake cin wasa ko a faɗi, kamar yadda 'yan shaɗaranji ke kokawar mallakar tsakiyar allo tun a takun farko. A duka biyun, mai kwaɗayin cin ɗa guda yakan buɗe gidansa. Ba banza ba Bahaushe ya ce dara ta ci gida. Amma duk wannan ilimi a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake, matasanmu kuwa sun koma kan waya.

Wannan ciwo bai tsaya a gindin darbejiya ba. Sau nawa muka ga an kafa kwamiti a ma'aikata ko jami'a, an yi aiki an gama, an share gurabu, na gaba ya zo ya maimaita kuskuren da aka riga aka yi? Wanda bai rubuta faɗuwarsa ba, zai sake faɗuwa a rami guda.

A Kudu, Tunde Onakoya ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawan Legas shaɗaranji a 2018, kuma a 2025 ya shafe sa'o'i 64 yana bugawa a birnin New York har ya shiga kundin Guinness. Mu ma 'ya'yanmu su koya, domin gadonmu ne ta wajen Borno da Bagadaza. Amma abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. A sa wa layukan dara shida haruffa, a sa wa biyar lambobi, kowane gurbi ya sami suna. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a Zariya da Kano da Sakkwato da nan Kaduna su tura ɗalibai majalisu, su rubuta wasannin gwanaye da kalmomin da suke amfani da su, kafin su shuɗe.

Ni dai na fara. Jiya na koma majalisar da littafi da biro. Dattijon ya kalle ni ya ce, "Malam, yau kuma jarrabawa za ka yi mana?" Na ce, "A'a Baba, ni ne ɗalibin." Ya gyara zama, ya fara zubi a hankali domin in samu in rubuta. Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.