Daga kaset zuwa saƙon murya: gaisuwar ɗan ci-rani a ƙasar Kurfai

A ƙasar Kurfai, daga Filinge har Shikal, da zarar gero ya shiga rumbu sai samari su ɗaure kaya su nufi Yamai, wasu su zarce Kwatano, Legas ko Abijan. Ci-rani tsohon abu ne a kwarin Dallol Boso, amma hanyar da ɗan ci-rani ke gaida gida ta sauya har sau uku a idon dattawan da ke raye yau.

Da fari wasiƙa ce, malami ya rubuta da ajami ko ɗan lakwal da boko, a damƙa wa direba. Sai kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya iso karkara daga baya, ya raba wanda bai yi karatu ba da neman mai karanta masa sirrinsa.

Wanda ya ga daren isowar kaset ba ya mantawa. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, a sa wa rakoda sabon batir. Muryar ta fara da baba, ta gaida inna, ta bi gidan ɗaki-ɗaki har jaririn goye, kowa a matsayinsa. Tsohuwa na amsawa da "lafiya lau, ɗana" kamar yana durƙushe gabanta. In zaren ya sarƙe, yaro ya zura biro ya naɗe shi a hankali.

Salula ta fara yaɗuwa a Nijar a 2001, WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013. Alherinsu a fili yake: labarin rashin lafiya da kan yi makonni a hanya yanzu nan take yake isa. Sai dai saƙon yau kunne ɗaya yake shiga. Yaron da a da ke koyon jerin dangi da ladabin gaisuwa a bakin tabarma ya rasa wannan makaranta, kuma ranar da waya ta lalace muryoyin cikinta sukan bi ta.

Har yanzu akwai kaset-kaset a ƙasan akwatunan iyayenmu mata, zafi da ƙura na cin su. A cikinsu akwai Hausar Kurfayawa ta wancan zamani da muryoyin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Matasan da suka iya waya su fito da su, su kwafe, su tara gida a saurara tare tun masu gane muryoyin suna da rai.