Kuza Da Kalmominta A Hausar Jos: Jiya Da Yau

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda haƙar kuza ta bar sawunta a Hausar Jos, musamman a unguwanni irin su Anguwan Rogo, da kuma aikin da ke gaban masana harshe yanzu da kasuwar ma'adinai ta farfaɗo.

2.0 Kalmomin Bariki

Tun kafin zuwan Turawa ake narka kuza a Liruwen Dalma. Da kamfanonin Ingila suka soma haƙa wajen 1904, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Zariya a 1914, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa, Hausa ta zama harshen bariki. A nan ne kalmomin aro irin su lebura da heluma suka zauna da gindinsu. Faɗuwar farashin kuza a 1985 ta durƙusar da kamfanonin, aka bar jama'a da kududdufai masu cin mutane da dabbobi.

3.0 Sabuwar Buƙata

A yau da kuza ake like wayoyin faifan hasken rana, saboda haka matasa sun koma ramuka. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta gyara ƙasa bayan haƙa, amma da Ingilishi aka rubuta ta. Mahaƙi yana da kalmar haƙa da ta wanki, amma cike rami da farfaɗo da gona ba su samu tsayayyun sunaye ba.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne a tattara kalmomin mahaƙa daga bakinsu, sannan a gina sababbi a kansu, domin dokar da ba a fahimta ba, da wuya a bi ta.