Farautar tsofaffin manhajojin da suka haifi kayan latironi

Radiyon da ke kan teburin ma'aikaci, da wayar salula da ɗan kasuwa ke jin farashin hatsi da ita, da ƴar na'urar lissafi ta cikin shago, kowanne yana da ƙwaya ƙarama baƙa a cikinsa, mai ɗauke da dubbai ko miliyoyin taranzisto. Kafin a ƙera ƙwayar nan, sai an zana hanyoyin da wuta za ta bi a cikinta, a kuma jarraba zanen cikin kwamfuta. Manhajojin farko da suka yi wannan aiki, wato jerin umurnin da aka rubuta wa injuna, yau sun haura shekara 50, kuma masana tarihi da tsofaffin injiniyoyi na bin sawunsu tun kafin su ɓace.

Yadda abin ya soma

A da, injiniya kan harhaɗa waya da taranzisto a kan allo, ya saka wuta, ya auna, ya gyara. Da aka koma cusa komai cikin ƙwaya guda, sai wannan dabara ta kasa, domin ƙwaya in an ƙera ta ba ta gyaruwa. Kuskure ɗaya na nufin asarar makonni da kuɗi masu yawa. Dole ta sa aka nemi inji ya yi lissafin tun kafin a je masana'anta.

Cikin shekarun 1960 kamfanin IBM ya fito da ECAP, aka kuma samu irin su SCEPTRE da NET-1 da CIRCUS. Da dama daga cikinsu da kuɗin hukumomin tsaron Amurka aka rubuta su, saboda sojoji na son sanin ko kayansu za su jure tururin nukiliya. A shekara ta 1969 da ta 1970, a jami'ar Kaliforniya ta Berkeley, Farfesa Ronald Rohrer ya sa ɗalibansa rubuta tasu manhajar. Ɗalibi Laurence Nagel ya ci gaba da aikin, aka raɗa mata suna CANCER, kalmar da ke nufin cutar daji. Haruffan ƙarshe na sunan suna cewa ne babu ruwanta da tururin nukiliya, wato gugar zana ga sojoji a zamanin yaƙin Biyatnam.

Bayan Rohrer ya bar jami'ar, Farfesa Donald Pederson ya karɓi Nagel, amma da sharaɗi: a sake rubuta manhajar ta yadda kowa zai iya samunta ba tare da ya saya ba. Sabuwar ita ce SPICE, ma'ana kayan yaji, wadda aka gabatar a wani taron masana a Waterloo ta ƙasar Kanada cikin watan Afrilu na 1973. SPICE2 ta biyo baya a 1975, sai SPICE3 da Thomas Quarles ya rubuta cikin shekarun 1980.

Inda wahalar neman take

An rubuta CANCER da SPICE ta farko da harshen injuna mai suna FORTRAN, don babbar kwamfutar jami'ar, CDC 6400. A lokacin, kowane layi na rubutu yana kan katin kwali mai huji, kati ɗaya gurbi 80, akwati ɗaya kati 2000. CANCER ta kai layi kimanin 6000, wato akwati uku ke nan. Akwatin kwali kuwa, ranar da ofis ya tashi ko malami ya yi ritaya, shi ne farkon abin da ake zubarwa.

Abin da ba a kan kati yake ba, yana kan zaren maganaɗisu, irin na kaset amma faɗinsa rabin inci, a naɗe kan faifai babba. Zaren in ya daɗe yana shan laima sai ya yi danƙo, ya manne, in aka saka shi a inji haka nan ya saɓule tare da abin da ke kansa. Masu ceto kan gasa shi a hankali, a zafin digiri 50 zuwa 55 na tsawon awoyi, sannan su karanta shi da injin da shi ma ya zama kayan tarihi.

Sau da yawa abin da ake tararwa takarda ce kawai: littafin koyon aiki da manhajar, ko rahoton jami'a, ko tulin shafuffukan da inji ya buga. Littafin koyo yana faɗin abin da manhaja ke yi, amma ba ya nuna yadda take yinsa. In aka yi sa'a aka samu asalin rubutun a buge, sai a sake shigar da shi harafi bayan harafi, ana lura kada a ɗauki sifili a matsayin harafin O, domin wannan kaɗai ya isa ya hana komai tafiya. Bayan haka ga matsalar inji, tunda injunan CDC na wancan zamani sun daɗe da barin aiki. Mafita ita ce a sa kwamfutar yau ta kwaikwayi tsohuwar, kamar yadda DtCyber ke yi wa injunan CDC, SIMH kuma ke yi wa na kamfanin DEC.

Masu wannan hidima sun haɗa da gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a Kaliforniya, da rumbun Bitsavers na Al Kossow mai tara hotunan tsofaffin littattafai da abin da aka kwafo daga zare, da Software Heritage da cibiyar bincike ta Inria ta ƙasar Faransa ta ƙaddamar a 2016, wadda ta ƙulla yarjejeniya da UNESCO a 2017.

Abin da aka raba shi ya tsira

Manhajar da kamfani ya kulle a matsayin sirrin ciniki, rayuwarta na rataye da ta kamfanin. In aka sayar da shi ko ya karye, babu wanda nauyin adana ta ke kansa, kuma ko wani tsohon ma'aikaci na da kwafi a gida, dokar mallaka na iya hana shi fitowa da shi. SPICE kuwa, da yake an aika ta jami'o'i da kamfanoni da dama, ɗaliban Berkeley kuma suka tafi da ita wuraren aikinsu, kwafinta ya bazu ko'ina. Rubutun SPICE 2G6 na 1983 yana hannun jama'a har yanzu, haka ma rahoton 1973 da kundin digirin Nagel na 1975. Daga tsatsonta aka samu HSPICE, da PSpice da ta shiga ƙananan kwamfutoci a 1984, da ngspice da ake rabawa kyauta. A 2011 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa allon tunawa da ita a Berkeley, shekara shida da ƴan watanni bayan rasuwar Pederson. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Amfanin wannan nema ya wuce sha'awar tsofaffin kaya. Akwai jiragen sama da tashoshin wuta da ke aiki da kayan latironi da aka zana shekaru da dama da suka wuce, kuma in ana son sauya wata ƙwaya, sanin yadda aka lissafa ta tun asali yana rage haɗari. Haka kuma in an yi gardama gaban shari'a kan wanda ya fara wata dabara, tsohon rubutu mai kwanan wata shi ne shaida. Waɗanda suka rubuta manhajojin nan shekaru sun ja musu, wasu sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa masu neman ke hanzarta tambayar waɗanda suka rage inda akwatunansu suke.