Da Gaske Ɗan Adam Ya Taka Wata?

 

Uwargida, wata rana kina zaune a tsakar gida da farin wata, yaronki zai ce, "Mama, malaminmu ya ce mutum ya je wata, amma Kawu ya ce ƙarya ce." To, me za ki ce masa?

Ga yadda abin yake. A ranar 20 ga Yuli, 1969, Amurkawa biyu, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, suka sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11. Daga nan zuwa 1972 an sauka sau 6, mutum 12 suka taka shi, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382. Shirin tafiyar ma ya biyo ta kusa da mu, domin a farkon shekarun 1960 Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano.

Masu shakka sukan ce, ya aka yi tuta take kaɗawa alhali babu iska a can? Ai sanda aka zura a samanta don ta miƙe, yamutsewar kuwa ta ninki ce, kamar zanen da kika ciro daga adaka. Sukan kuma ce ba a ga taurari a hotunan ba. Da rana aka ɗauke su, hasken ƙasar watan ya rinjayi na taurari.

Sannan ki duba wannan. Lokacin nan Tarayyar Sobiyet ce babbar kishiyar Amurka, tana kuma da na'urorin bin diddigin tafiyar. Kin taɓa ganin kishiyar da ta kama ƙarya ta rufa asiri? Ba ta musa ba. A 2021 kuma kumbon Indiya ya ɗauko hoton wurin saukar, ga ƙasan kumbon nan inda aka bar shi.

Sai labarin da ake yaɗawa wai Armstrong ya ji kiran salla a wata ya musulunta. Shi da kansa ya musanta haka tun yana raye. Addininmu ba ya bukatar a ƙawata shi da abin da bai faru ba.

Don haka 'yar'uwa, kada ki kashe wa yaro tambaya da tsawa, kada kuma ki ba shi jita-jita. Ke ce makarantarsa ta farko. Ki ce masa an je, da ilimin da Allah ya hore wa bayinsa, shi ma ya dage da karatu.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.