Daga kaɗa zuwa turmi: ina ribar take maƙalewa?

A ƙungiyoyinmu na asusu, da wuya a yi zaman da wata ba ta ɗauki bashi don sarin atamfa ba. Sana'a ce da muka sani. Amma in muka duba bakin zanen da muke sayarwa, yawanci daga Sin ya taso, ya sauka Lome ko Kwatano, ko ya biyo ta Kantin Kwari na Kano.

Alhali kaɗa a yankinmu take. Benin da Mali da Burkina Faso na cikin manyan masu nomanta a Afirka, mu ma ana nomanta wajen Gaya da Madawa. Sai dai mafi yawanta ɗanya ake fitarwa. Can ƙetare ake kaɗi da saƙa da rini, a maido muna da tsada. Manyan masaƙun Kaduna da suka tufatar da iyayenmu, yawancinsu sun rufe: ga rashin wuta, ga kayan waje masu araha.

To, ga kuma iyaka. Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023. Masu bin hanyar Ɗan Isa, Ƙonni ko Magarya sun ji a jikinsu. Kaya ba su shigowa, kuɗin mota ya hau, ga ranar biyan asusu ba ta ɗagawa. Wadda ta ba da turmi bashi sai bayan salla, ita ta fi shan wuya.

Mu dubi maƙwabtanmu. A Burkina, tun zamanin Thomas Sankara aka ɗaukaka zanen saƙi da ake kira Faso Dan Fani. Ana kaɗa zare a masana'anta a Bobo-Julaso, mata su saya, su rina, su saƙa a gida ko a ƙungiya. Kun ga, ribar ba a ɗaukar kaya daga nan zuwa can kawai take ba, tana cikin aikin da hannu ya ƙara.

Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Kakanninmu da mazari suka yi kaɗi, marina kuwa da baba suka yi suna. Abin da za mu iya tun yanzu: mu haɗa kuɗin sari, mace ɗaya ko biyu su tafi a madadin goma, kuɗin hanya ya ragu. Mu ware wani kaso mu sayi farin yadi mu rina, ko keken ɗinki na ƙungiya, mu nemi aikin kayan ƴan makaranta da ankon biki. Anko kuwa, a karɓi rabin kuɗi kafin a taɓa asusu.

Kuɗin da ke cikin akwatin nan gumin kowa ne. A zaman mako mai zuwa, kafin a ba da bashin atamfa, mu tambayi juna: nawa zai rage bayan mota da duwan, kuma wane aiki za mu ƙara wa zanen?