Laimar Kwaɗi: Yadda Ake Rarrabe Ta Ci da Mai Guba

Idan damina ta yi nisa, musamman cikin markar watan Agusta, akan ga wani farin tsiro ya ɓullo dare ɗaya a gonaki da gindin suri, kamar yadda yake faruwa a wajajen Fakuwa ta yankin Kankiya da Kusada. Bahaushe ya kira shi laimar kwaɗi saboda siffarsa, wasu kuma su ce naman kaza. Sai dai sunan ya yi wa iri da yawa kuɗin goro, alhali wata abinci ce, wata kuwa guba.

Fitacciya cikin waɗanda ake ci ita ce mai fitowa a suri, wadda masanin nan na Faransa, Roger Heim, ya raɗa wa suna Termitomyces a 1942. Gara ce ke renon ta a cikin gidanta. Alamominta uku ne. Na farko, tsakiyar laimar na da ɗan tsini mai tauri, wanda da shi take huda ƙasa. Na biyu, idan aka tona a hankali, za a tarar ƙafarta ta zarce da doguwar jela har cikin gidan garar. Na uku, a ƙarƙashin laimar akwai siraran shafuka jere kamar na littafi. Idan aka kifa ta bisa farar takarda ta kwana, garin irin da zai zubo ja-ja ne mai haske.

Akwai kuma wata mai kama da ita daga nesa, wato Chlorophyllum molybdites, mai fitowa cikin ciyawa. Samanta na da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa, ƙafarta na da zobe, amma ba ta da jela. Idan ta manyanta shafukanta kan koma kore-kore, haka ma garinta. Wanda ya ci ta, cikin awa 1 zuwa 3 amai da gudawa za su kama shi.

Saboda haka alama ɗaya ba ta wadatarwa, kuma dafuwa ba ta kashe gubar wasu. Wadda duk ba ta cika alamomin nan uku ba, ko aka tsinke ta ba a ga gindinta ba, barin ta ya fi alheri.